Kawu Isa da Mutum-mutumin Ƙarfe

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Isa mai nama na Kasuwar Ochanja a Anaca. A makon nan ya faɗo mini a rai, da na tarar da jikata tana kallon fim a waya, wani mutum-mutumin ƙarfe yana roƙon maƙerinsa ya mai da shi ɗan Adam.

Irin fim ɗin da Kawu yake so ke nan tun zamanin kaset. Wata rana muna kallo na tsokane shi, na ce dattijo da furfura yana tausayin ƙarfe. Ya ce, "Ɗana, ai bai san abin da yake roƙo ba. Mutum tara yake bai cika goma ba. Amma da ya ga Mama Ngozi, ba zan ce ya yi wauta ba."

Ranar ya ba ni labarinta. Gab da yaƙin basasa, da aka fara dawo da gawawwaki daga Arewa, gari ya rikice, aka shiga farautar Hausawa. Mama Ngozi maƙwabciyarsa ce, mai sayar da garin rogo, kuma ɗanta na fari yana cikin waɗanda aka kashe a can. Da jajayen idanu ta zo ta ja hannun Kawu, ta kwantar da shi a kwalekwalen ƙaninta, ta lulluɓe shi da buhunhuna, aka tsallakar da shi kogi. 

Bayan yaƙi 'yan uwa suka hana shi komawa Anaca, ya ƙi ji. Ya same ta a rame, rumfarta ta ƙone. Shi ya ɗauki cinta da shanta har ta koma ga Mahaliccinta.

Yau na'ura tana hira da mutane, har ana cewa ta kusa kamo mu. Ina jin da Kawu yana nan, murmushi zai yi ya tambaya, "To, an taɓa kashe mata ɗa?"

Kawu bai bar gida ko gona ba. Amma alheri danƙo ne. Duk Sallah jikokin Mama Ngozi suna zuwa gidanmu su ci tuwo, kuma ƙaraminsu, da aka haifa bayan rasuwar Kawu, a coci aka raɗa masa suna Isa. Allah Ya jiƙan Kawu.