Hoton da Ya Ƙi Goguwa

Shagon hoton kawuna yana kan hanyar tasha a Gumel, kuma tun da na gama sakandare ni ce ke riƙe da ɗakin baya. Gaba na maza ne da masu fasfo. Bayan labule na mata ne. Mace za ta taso daga Gagarawa ko Sule Tankarkar da sabon kitso ko lalle, ta cire mayafi, in ɗauke ta, in wanke mata ɗaya ko biyu. Abin da ya sa suke wuce sauran shaguna su zo wurinmu shi ne, kafin ta ɗaura ɗankwali zan juyo mata da kwamfuta in goge hoton tana kallo, in share katin kyamarar tas. Wasu sai sun sa yatsa sun danna da kansu. Ban taɓa jin haushin haka ba, don ni ma da abin da zan yi ke nan.

Kyamara ɗaya gare mu, kwamfuta ɗaya, tana kan tebur a bakin labulen, a juya ta ciki ko waje. Tsohuwa ce. Da ta fara nauyi, wani malamin makaranta abokin Kawu ya sauke abin da ke kanta ya ɗora mata wani tsari na kyauta, irin wanda mutane a ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta, kowa na iya leƙa cikinsa, kowa na iya kai ƙorafi. Tun ranar na gaya wa Kawu ban yarda da kyautar da ban san mai ita ba. Ya ce ni ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa gindin kofin.

Wata rana wata mata ta zo daga Ɗanzomo. Ta girme ni sosai. Mijinta yana aiki a Kudu, daga salla sai salla yake zuwa. An yi mata shuku mai kyau, tana so ta aika masa da hoto ta hannun wani matafiyi, a cikin ambulan. Ta ce ba ta yi da waya, don waya ba ta da ɗaki, yau tana hannunka gobe tana hannun yara. Na ɗauke ta, na wanke, na goge tana gani, ta tafi.

Washegari wani direba mai jigila tsakanin Gumel da Sule Tankarkar ya zo yin fasfo. Na ɗauke shi, na sa katin, na juya masa kwamfutar ya zaɓa. A jerin ƙananan hotunan da ke fitowa kafin a buɗe babba, sai ga matar nan, kai ba ɗankwali, tana murmushin da ba don mu ta yi shi ba. Na danna da sauri, babban ya buɗe, fuskar direban ce. Na rufe, ƙaramin ya dawo, ita ce dai. Na fizge waya daga soket, amma aikin gama ya gama.

"Ashe ajiyewa kuke yi," in ji shi, yana wani lumshe ido. "Ai na san gidansu."

Na ce ya karɓi fasfonsa ya kama gabansa. Kawu ya bi shi har bakin titi yana ba shi baki. Roƙon direban tasha ya riƙe magana, ai ɗiban ruwa ne da kwando.

Ba a yi mako ba sai ga matar ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zauna ba.

"A gaban idona kika goge."

"Na goge, Yaya."

"To shi me ya gani?"

Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce lokaci ba nata ba ne, dangin mijinta sun riga sun ji. Daga ranar ɗakin baya ya yi tsit. Matan da ke zuwa sai su tsaya a gaba, cikin hijabi, su yi fasfo su wuce, ko gaisuwar kirki babu.

Na fara da zargin Kawu, amma mutumin da har yau sai ya kira ni in nuna masa inda ake kashe kwamfuta, ina zai iya ɓoye hoto. Saura Malam. Shi ya ɗora tsarin, shi ke zuwa lokaci-lokaci ya ce zai sabunta shi, ya zauna shi kaɗai yana rubuta wasu abubuwa a baƙin allo. Da ya zo ban yi kwana-kwana ba, na tambaye shi me ya dasa mana. Ya ɓata rai, ya ce shi da ya yi don Allah. Na ce don Allah ɗin nan ne ban gane ba. Kawu ya daka mini tsawa. Bayan an huce Malam ya ce wataƙila tangarɗa ce a manhajar, kuma akwai dandalin da ake kai irin wannan rahoto, shi zai rubuta. Na ce a'a, ya nuna mini wurin kawai. Wanda nake zargi ba zai zama ɗan aikena ba.

Rahotona na farko faɗa ne zalla, da Turancina na makaranta. Na ce abinsu yana dawo da hoton da aka goge, ya zubar mini da mutunci, su gyara. Amsa ta zo daga wani wanda ba ya da fuska, hoton tsuntsu ya sa a gefen sunansa. Ya yi godiya, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ya tambayi wane zubi na tsarin muke amfani da shi, me na fara dannawa, me ya biyo baya. Ya ce ya gwada a tasa kwamfutar bai ga komai ba. A ƙarshe ya ce in turo masa hoton da abin ya faru da shi.

Na kira Malam na nuna masa. Na ce ga shi nan, an zo wurin, dama hoton suke so. Ya ce haka ake yi, ba za su iya gyara abin da ba su gani ba, kamar makanike ne, sai ya ji ƙarar da kunnensa. Na ce makanike ina ganin garejinsa. Malam ɗin ma fa ban cire shi daga lissafi ba, don na lura yana saurin kare su. Ana nan sai wani daban ya shigo dandalin ya rubuta cewa idan ba a kawo ƙarin bayani ba za a rufe rahoton. Rufewa. Kamar ni ce na zo neman alfarma.

Hoton mace dai ba zai bar shagon nan ta hannuna ba. To amma idan sai sun gani, sai in nemo musu abin da za su gani. Kawu yana da wata jar akuya ɗaure a bayan shago. Na ɗauke ta, na sa katin, na buɗe, na goge, na share katin kamar yadda nake yi wa mata. Sannan na ɗauki butar alwala. Da na mayar da katin, ƙaramin hoto akuya, babba buta. Na sake da takalmin Kawu, akuyar ta dawo. Kawu ya leƙo ya tarar da ni durƙushe ina ɗaukar tsintsiya, ya tambaya ko in kira mai ruƙiyya ne ko shi ya kira. Na gwada ba tare da share katin ba, lafiya lau. Na share, akuya. Na rubuta musu duk wannan bi da bi, ba zagi, na haɗa da akuyar da butar na tura.

Mai tsuntsu ya dawo da wuri. Ya ce in duba da kyau, hotunan biyu sunansu ɗaya, kwanan watansu ɗaya, har lokacin da ke jikinsu ɗaya. Duk sanda na share kati, kyamarar tana komawa farkon lamba. Ƙaramin batirin agogonta kuma ya mutu kwanan nan, don haka kowane hoto lokaci guda take buga masa. Ita kuwa kwamfutar, ashe duk hoton da aka buɗe sai ta yi masa ɗan ƙarami ta adana a wata ɓoyayyiyar jaka don ta riƙa saurin nunawa, kuma da suna da lokaci take gane shi. Da ta ga suna ɗaya lokaci ɗaya, sai ta ɗauko tsohon. Ya ce yanzu ya iya jawo matsalar a wurinsa, laifin nasu ne, za su sa ta riƙa duba nauyin hoton ma. Ya kuma gaya mini inda jakar take.

Na jira Kawu ya tafi masallaci na buɗe. Mata ne rututu, ƙanana kamar kan sarkin da ake liƙa wa wasiƙa. Amare da lalle, masu jego, matar limamin unguwarmu, ƙawayena, duk waɗanda suka danna da yatsunsu suka tafi da kwanciyar hankali. Na share su duka. Na koma dandalin na ce wannan ita ce babbar ɓarnar. Suka ce wannan ba tangarɗa ba ce, da gangan aka tsara haka. Na ce to wanda ya tsara bai taɓa zama a bayan labule ba. Muka yi ta ja. Wani ya ce in buɗe sabon rahoto, na buɗe. Mai tsuntsu ya nuna mini yadda zan hana ta adanawa gaba ɗaya, na yi, na gwada, na sake gwadawa. Gyaran farko ya iso bayan wasu makonni, kuma ya yi aiki. Rahoto na biyu har yanzu yana buɗe, mutanen da ban sani ba suna ta musu a ƙarƙashinsa.

Na tambayi Malam ko ya san da jakar. Ya rantse bai sani ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma fa mutum ne da ya san baƙin allo kamar tafin hannunsa. Na dai canza kalmar sirri, kuma duk ranar da ya zo sabuntawa ina tsaye a kansa har ya tashi.

Kawu da Malam suka haɗa baki cewa maganar jakar ta tsaya a shago, tunda an share, a ce wa mutane agogon kyamara ne kawai. Ranar Juma'a na shiga motar Ɗanzomo.

Na sami matar tana tankaɗe a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na kwashe komai na gaya mata, har da jakar, har da cewa ba ita kaɗai ba ce. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce mijinta ya kira, da kanta ta riga kowa gaya masa, ya ce ya ji, bai ƙara komai a kai ba, kuma shirun nan ya fi damunta da faɗa. Sai ta tambaye ni ko shi malamin ya ga na cikin jakar.

Na ce ban sani ba.

"Na yarda ba ke kika ajiye ba," in ji ta. "Amma da kika ce mini ya gogu, ke ma ba ki sani ba kika faɗa."

Ta raka ni har zaure, ta ce in gaida gida. Kafin sati ya zagayo maganar jakar ta kai Gagarawa, Kawu ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Mata sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, yawanci waɗanda suka ji labarin daga bakina. Ita ba ta dawo ba, kuma daga layinsu har yau ba wadda ta sake ɗaga labulen.