Gudumar Kawu a Ɗakin Karatu

Kawuna kafinta ne, ko sunansa bai iya karantawa ba. Amma da unguwa ta tashi sayen tsohon sito a mai da shi ɗakin karatu, babur ɗinsa ya sayar ya bayar.

Ba ya yarda da katako sai ya ƙwanƙwasa. Ranar duba aiki ya daki katakon rufin da ɗan kwangila ya shafe da fenti, garin gara ya zubo.

"Tsoho, ina ruwan jahili da littafi?" in ji ɗan kwangilar, ya hankaɗe shi.

Kawu ya sauke masa guduma a baki. Haƙora uku suka zube cikin jini.

Wata shida ya yi a gidan yari. An canja katakon. A ƙarƙashinsa 'yata take karatu yanzu.