Katakon da Muka Rufe Ka da Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga Maris 1987, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Baba Labo Sha'ibu, kafinta a Birnin Konni, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ina cikin aji aka aiko mini. Allon da na bari rabi da rubutu, har yau ban koma na ƙarasa shi da hankalina ba.

Baba Labo, garin nan ya san ka da bencin masallaci da ƙofofi da teburan lakwal, makarantarmu ta boko. Yara nawa suka koyi rubutu a kan teburin da ka gyara ba tare da an roƙe ka ba? Ni kuwa na san ka ne ta hanyar jita.

Ita ce jita guda ɗaya da ƙungiyar waƙa ta makarantarmu ta mallaka. Da ita nake koyar da yara arba'in kowace Laraba. Bara, muna dawowa daga wasa a Malbaza, aka jefa mata buhun albasa a bayan mota. Fuskarta ta farfashe, wuyanta ya tsage, gefe guda ya lotsa. Duk wanda na nuna wa sai ya ce katakonta na ƙasar Turawa ne, ba a samun irinsa a nan, in jefar. Kai kaɗai ka karɓe ta, ka juya ta, ka leƙa cikinta kamar mai duba mara lafiya.

Ka ce, “Malam Inusa, su Turawan da iccen garinsu sunka yi ta. Mu namu garin ba ya da icce ne?”

Ba ka taɓa kaɗa jita ba, amma ka sassaƙa gurmi da kalangu tun kana saurayi, kunnenka ya san itace. Gefen da ya lotsa ka maye shi da maɗaci, ka jiƙa, ka lanƙwasa a jikin bututun ƙarfe mai zafi, sau uku yana karyewa kana sakewa. Wuyan ka ɗaure shi, ka shimfiɗa masa kanya, baƙa mai santsi. Jakin da tsirkiya ke hawa ka fere shi daga ɓallin tsohon turmin kirya na matarka, Inna Tsahara, tana tsaye tana cewa saura muciyarta ka ɗauka.

Fuskar ce ta rage, ita ce kuma mai magana. Wata biyar kana ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa, ka kara a kunne, ka ajiye. Na matsa maka, na sani. Na ce na yi wa yara alkawari za su kaɗa ta a bikin ƙarshen shekara. Ka ce, “Kai da ɗiyanka kuna sauri, icce ba ya sauri.” Tun farin da ya wuce itatuwa sun ƙare, ɗan abin da ya rage ma'aikatan daji na tsaronsa, ɗanye kuma ka ce kurma ne. Ƙarshe ka tafi ƙauyenku Tajaye da kanka, ka ciro falanki guda daga ƙyauren zauren mahaifinka, katakon itacen ɗanya da ya shekara hamsin yana bushewa. Ka kira ni, ka ƙwanƙwasa. Wallahi na ji shi yana amo kamar ganga daga nesa. Ka yi dariya ka ce, “Ka jiya? Wanga tun kafin a haife ka shi ke jiran aikinai.” Ka zana siffar jitar a kansa da fensir, ka jingine shi bayan ƙofar shago. Ka ce ranar Asabar za ka tsaga shi. Ranar Asabar ka kwanta.

Abin da ya faru a maƙabarta ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Da aka sa ka a kabari, itacen rufewa bai kai ba. Ƙaninka Hashimu ya ruga shago ya kwaso abin da hannunsa ya samu. Ina durƙushe a bakin ramin aka miƙo mini katako in miƙa gaba. Na ga zanen fensirinka. Na ga ƙugun jitar, na ga da'irar bakinta.

Baba, na riƙe shi. Ban san tsawon lokacin ba. Liman ya ce, “Malam, miƙo mana.” Me zan ce? In ce a dakata da rufe Musulmi saboda kayan kiɗa? In ce a bar ka a buɗe a nemo wani? Na miƙa. Daidai kanka aka ɗora shi, aka bi da laka.

Hashimu bai yi laifi ba, bai sani ba. Amma ga ni da jita mai buɗaɗɗen ciki a ɗakina, saura wata uku biki. Na je Illela, na je Malbaza, na bi kafintoci ina ƙwanƙwasa katako kamar yadda na ga kana yi, ba na jin komai sai ƙarar ɗan yatsana. Wata biyar na zauna kusa da kai ina tambayar yaushe za ka gama, ban taɓa tambayar me kake saurare ba. Ni da nake ce wa yara su yi tambaya. Laraba ta zagayo, sun zauna suna kallona, na sa su yi ta tafa hannu a madadin jita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tsahara da Hashimu da 'ya'ya da jikoki, da mutanen Tajaye baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Allah ya jiƙan Baba Labo, ya yafe masa, ya yalwata makwancinsa, ya sa kowane yaro da ya zauna a kan teburinsa ya zame masa lada. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Ka yafe mini gaggawata, Baba. Katakon ƙofar mahaifinka ne, ya fi cancanta da kai. Jibi Laraba, zan gaya wa yaran inda fuskar jitarsu take, mu tafi tare mu yi maka addu'a.