Lamba Goma Sha Bakwai a Rajistar Aji Shida

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula karo na farko, ina koyarwa a wata firamare can bayan Rido. A unguwar Nasarawa nake haya. Kullum da safe nakan hau ƙaramin babur ɗina, in wuce inda ake kammala ginin matatar mai, in sauka daga kwalta in bi burji.

Makarantu uku ne a yankin. Mafi tsufa 'yan mishan ne suka gina ta da jar ƙasa, ɗaki biyu, ranar Lahadi coci, sauran kwanaki aji. Daga baya gwamnati ta karɓi makarantun mishan, ita ma ta shiga ciki. Da aka zo da shirin ilimin firamare kyauta, aka ƙara guda biyu a ƙauyukan da ke kusa, kowace da kwamitin dattawanta. Sai aikin matata ya zo, ya ci gonaki, ya janye matasa, ƙauyukan suka ragu. Sababbin shugabanni suka ce babu dalilin riƙe makarantu uku da ajujuwa rabi-rabi, a haɗe su a tamu, tunda ita ce mai rufin kwano kuma a bakin hanya. Aka rushe kwamitocin uku aka yi ɗaya.

Da yake rubutuna yana karantuwa, ni hedimasta ya ba aikin kwafe rajistoci uku zuwa ɗaya. Na kwafe su yadda na same su, ban ƙara ba, ban rage ba. Ni ne kuma malamin aji shida.

Mako biyu ina kiran suna kowa yana amsawa. Ranar wata Litinin aka kawo littattafan rubutu, na raba daidai da adadin da ke rajista, sai guda ya ragu a hannuna. Na ƙirga kawuna, na sake ƙirgawa. Mutum ɗaya babu. Washegari na kira suna a hankali, ina ɗaga kai bayan kowane. Da na zo lamba goma sha bakwai, sunan mace daga tsohuwar makarantar mishan, aka amsa, “Furezan, sa.”

Muryar ce ta tsayar da ni. 'Yan aji shida sun kai sha biyu, sha uku, wasu mazan muryarsu ta fara fashewa. Wannan kuwa siririyar murya ce ta ƙaramar yarinya wadda haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba.

Na ce, “Wace ce? Ta miƙe.”

Babu wanda ya motsa. A ɗaya daga bencinan da 'yan ƙauyen mishan suke zama akwai sarari tsakanin 'yan mata biyu, daidai zaman mutum ɗaya, alhali a sauran bencina ana matse da juna.

Kwana uku ina fako. Ran Laraba muryar ta fito daga baya ta hagu, ran Alhamis daga kusa da taga, ran Juma'a daga gaba, kusan ƙarƙashin teburina. Kullum murya iri ɗaya, kuma kullum sai idona ya koma kan takarda take fitowa.

Hedimastanmu mutumin kudancin Zariya ne, mai son barkwanci. Da na gaya masa sai da ya yi dariya har ya cire tabarau.

“Kai Malam! Kowa farar hula ta ba shi alkawari, kai aljana ta ba ka?”

“Oga, ka zo ka ji da kunnenka.”

Ya zo ran Litinin ya tsaya a bakin ƙofa. Aka amsa. Bai yi dariya ba. A ofis ya ce mini sufeto zai zo ƙarshen wata ya ƙirga yara kai da kai, in je in ga tsohon malamin makarantar mishan, shi ya san rajistarsa.

Kowa Baba Ticha yake kiransa. Da aka haɗe makarantun aka sallame shi, don ya wuce shekarun aiki. Na same shi da hantsi a ƙofar tsohuwar makarantar yana gyara ƙotar fartanya. An kwashe bencina, an bar allo, da rana da wata na ranar ƙarshe a jikinsa ba a goge ba.

Na faɗi sunan. Bai ɗaga kai ba.

“Ta rasu tana aji biyu. Ƙyanda.”

“Baba, shekara huɗu ke nan. Me ya sa sunanta yake aji shida?”

“Ɗana, kai ma ka karanta dokar. Ba a maimaita wa yaro aji, kowa ya bi 'yan ajinsa. Kuma ba a soke sunan yaro sai iyayensa sun zo sun ce a soke, sun dangwala hannu. Uwarta ba ta zo ba. Ni zan je in ce mata zo ki soke 'yarki?”

“To amsawar fa?”

“Ranar farko bayan an binne ta na kira sunan, bakina ne ya saba. Wata ƙawarta ta amsa. Ban hana ba. Daga nan suka riƙa karɓa-karɓa.” Ya gwada ƙotar a ƙasa. “Su sun girma. Muryarta da suka sani ita ce ba ta girma ba.”

Ya nuna mini da haɓa inda uwar take. Bayan tagar ajin, taku kaɗan, gonar doya ce. Wata mata tana sunkuye a tsakanin kunyoyin doyar.

Ina da fom a aljihu da ƙaramin akwatin tawadar dangwale. Na ƙarasa na gaishe ta. Ba tsohuwa ba ce sosai, kuma babu alamar taɓin hankali a tare da ita. Ta goge hannu a zane, ta dube ni, ta dubi takalmina da suka nutse a laka.

“Malamin birni, doya za ka saya ko hanya ka ɓata?”

“Mama, ni ne malamin aji shida a sabuwar makaranta.”

Ta ajiye fartanya. “Ana kiranta?”

“Ana kira.”

“Suna amsawa?”

“Suna amsawa.”

Ta ce ta san inda 'yarta take kwance, da hannunta ta yi mata wanka. Amma shekara huɗu, kowace safiya tana wannan gona idan an buga ƙarfe, kuma ta taga takan ji an kira sunan cikakke, da na uban, a amsa. A gida ba mai ambatonsa, don kada a tayar mata da hankali. Nan ne kaɗai ake faɗarsa. Tun da aka kwashe yaran zuwa bakin hanya, sai ta zo ta tsaya, ba ta jin komai sai kurciya.

Na fito da fom ɗin na yi mata bayani kamar yadda yake: sufeto zai ƙirga, lissafi ba zai yi daidai ba, kuma ba ni da ikon soke sunan sai da yatsanta. Ban ɓoye mata cewa daga ranar da ta dangwala ba za a sake kira ba.

Ta daɗe tana kallon takardar, ko da yake ba ta karatu.

“Zan zo in ji a sabon wurin. In na ji, sai in dangwala.”

Ta zo ran Alhamis cikin kayanta na zuwa coci, ta tako tun daga ƙauye, takalminta a hannu. Hedimasta ya sa aka kawo mata kujera, ta ƙi. Ta zagaya ta tsaya a waje, bayan taga, inda duk 'yan ajin suke ganin kanta da kafaɗunta.

Na fara kira. Sha biyar, aka amsa. Sha shida, aka amsa. Na kira sha bakwai, cikakke, da sunan uban, kuma na bar idona a kan takarda don in ba su dama.

Ba a amsa ba.

Na jira. Ina jin injinan matata daga nesa, ina jin 'yan aji ɗaya suna rera baƙaƙe. Na ɗaga kai. Yaran ƙauyen mishan duk sun sunkuyar da kai, wasu sun rufe baki da hannu. A gaban idon uwar babu wanda ya iya yin muryar. Na sake kira, abin da ban taɓa yi ba. Shiru. Yarinyar da ke gefen sararin bencin ta fara kuka ba sauti.

Daga taga matar ta yi magana, da murya irin ta mai ba da saƙo.

“Malam, sa mata ba ta zo ba.”

Na sa.

A ofis na buɗe akwatin tawadar, ta danna babban yatsanta, ta ɗora a inda na nuna mata. Hedimasta ya miƙo mini rula da jan biro, ya juya yana duba wani abu a kabad. Na ja layi ɗaya daga sunan har ƙarshen shafi. Ta tsaya a kaina har na gama, ta tambaya ko ana iya karanta shi a ƙarƙashin layin. Na ce ana iya, na juya mata littafin ta gani.

Na ba ta tsumma ta goge yatsan. Ta ce a'a, zai fita da kansa. Ta ɗauki takalminta ta kama hanyar ƙauye, ta riƙe hannun nesa da zanenta.