Malam Lawwali Tafinta, Mai Tsince Tarihi a Bakin Iyaka

Da an idar da sallar asuba, Malam Lawwali zai rataya gafakarsa ya nufi shingen iyakar Jibiya. Kafin motocin gyaɗa su fara gangarowa daga Maraɗi, ya riga ya zauna a bencinsa. Aikin da aka ɗauke shi tafinta ne, tsakanin ma'aikatan kwastan da matafiya. Amma da zarar layi ya yi sauƙi, sai ka gan shi tsugune gaban wani tsoho, alƙalami a hannu, yana cewa, "Baba, ku mutanen ina ne asali?"

Shekara talatin ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan na shekarar 1957 zai ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata mu yi shiru ba.

Mahaifinsa manomi ne a Gangara, mahaifiyarsa Fatimatu kuwa ɗiyar Maraɗi ce, daga gidan maroƙan da suka haddace jerin sarakuna. A bakinta ya fara jin labarin yaƙe-yaƙe da hijira. Ya yi allo, ya koyi boko da girmansa. Wani Baturen kwastan ɗan ƙasar Sukotlan, wanda ya ce shi ma mahaifinsa marubucin tarihin danginsu ne, shi ya ba shi littafin rubutu na farko. Yau littattafan sun kai arba'in da ɗaya, wasu da ajami, wasu da boko. Ban da tarihi, ya ƙaga labarai masu daɗi, su muke karanta wa ɗalibanmu a ajin yaƙi da jahilci.

An sha yi masa dariya. Har yayansa ya taɓa ce masa, "Kai dai ka zama rumbun surutun tsofaffi."

Bara waccan aka daina dariyar. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Nagoggo daga Daddara, ta zo ta durƙusa gefen bencinsa. Ina wurin.

"Malam, an ce kana rubuta mutane. Ko ka taɓa rubuta ƙanena?"

"Wane ne ƙanen naki, Inna?"

"Kalilu. Shekarar babbar yunwa babanmu ya ba fatake shi, don kada shi mutu a hannunmu. Suka yi arewa da shi. Shekara arba'in da ɗoriya. Ni kaɗai na rage, ga ƙafa ta fara ƙi."

Ya tambaye ta abin da za a gane shi da shi. Ta ce yana da tabon ƙuna a kafaɗar hagu, kuma ƙofar gidansu akwai rijiya tsakanin gawo biyu.

Kwana tara Malam yana bin littattafansa shafi shafi. A littafi na goma sha bakwai ya samu: wani baduku mazaunin Madarunfa, da ya ratsa ta shingen shekara shida da suka wuce, ya ce masa shi bai san garinsu ba, abin da yake tunawa kawai rijiya da gawo biyu, da wata yarinya da ke goya shi.

Malam ya hau kekensa ya tsallaka. Baduku ya ƙi yarda da farko. "An sha yi mani wanga zance," in ji shi. Malam bai yi gardama ba, ya buɗe littafi ya karanta masa maganarsa da bakinsa, sannan ya karanta ta tsohuwar. Mutumin ya ajiye basillarsa, ya ce a tafi.

Ranar kasuwar Jibiya suka iso. Nagoggo ta ƙi jira a ɗaga shinge, ta sunkuya ta ƙarƙashinsa, ta janye wuyan rigar badukun ta duba kafaɗa. Sai ta rangaɗa guɗa, da muryar da ba mu san tana da ita ba. "Shi ne! Wallahi shi ne! Ni na ƙona shi da kunu!" Direbobi suka dinga danna ham, ma'aikatan ɓangarorin biyu suna ta share ido. Yanzu jikokin Kalilu sun san hanyar Daddara.

Malam, kai ne alƙalamin da bai raina bakin talaka ba. Masu mulki sun ja layi a ƙasa, kai ka bi ka rubuta zumuncin da layin ya ratsa. Ba a buga sunanka a bangon littafi ba, ba ka kuma nema ba. Mun gode. Allah ya saka, ya ƙara lafiya da hasken ido.

Ku kuma da kuka koyi rubutu a ajinmu, kusan kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa da ba wanda ya taɓa tambaya. Ku ɗauki fensir ku je ku gaishe su yau, tun suna iya amsawa.