Jakin da Ke Karkata Hagu

A gidanmu na Ngojin, damina ce lokacin tatsuniya. Da an idar da magariba Kaka Asabe za ta jawo murhu bakin ɗakinta, ta jera ɗanyar masara a kan garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Hausarta da sautin Ngizimanci take fita, mu yi ta kwaikwayonta, ita kuwa ta rama da hana mutum masara. Ni take wa tsiya fiye da kowa, wai miji ne marar cefane.

"Ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zauna," haka take farawa.

Wadda ta fi zama mini ita ce ta wani mai fataucin kanwa. Kullum ya ɗora wa jakinsa mangala, sai jakin ya yi ta karkata hagu har ya shiga ƙaya. Ya doke shi, ya zage shi, ƙarshe ya kai shi kasuwa ya canzo wani. Sabon ma hagu ya nufa. Matarsa ta ce ya sauke mangalar ya juya ta, ɓangaren hagu ya koma dama. Da ya juya, sai jaki ya karkata dama. Ashe wani dutse ne ya maƙale a gindin aljihu ɗaya.

Na ce, "Kaka, to jakin farko fa?"

"Ya sha dukan banza, maigida. Juya masararka kada ta ƙone."

A lokacin haushin mutumin kawai na ji. Ban sake tuna shi ba sai bara, ina magidanci, ina tuƙa wata tsohuwar tarakta mai hannun haƙa a baya.

An yi ruwa mai yawa, ya taru a bayan gidanmu, ya jingina da bangon ɗakin marigayiya Kaka, inda mahaifiyata ke kwana yanzu. Bangon ƙasa ne, gindinsa har ya fara jiƙewa. Inna kuma ta ce ba inda za ta. Na kawo tarakta in yanka wa ruwan hanya zuwa kwata. Bokiti na ɗiba lafiya, hannun na juyawa hagu da ƙarfinsa, amma in na ja liba ya dawo dama sai ya yi nishi ya tsaya. Hagu kuwa bango ne, ba wurin zuba ƙasa. Ga hadari yana sake haɗuwa a gabas.

Malam Buba, bakaniken da ke duba mana ita, ya leƙa ya ce, "Ina zargin silindar nan mai juya hannun. In ita ce, sai Kano."

Bangon kuwa ba zai jira Kano ba. Har na ɗauki sufana zan kwance ta, sai jakin nan ya faɗo mini a rai.

"Malam, mu musanya tiyon mai biyun nan, na hagu da na dama, a bakin bawul ɗin da ke raba musu mai tukuna. In laifin ya koma hagu, ba silinda ba ce."

"Ba abin da za mu rasa. Kashe ta."

Muka musanya, na tayar. Hannun ya tafi dama zar, ya ƙi hagu. Malam Buba ya kwance ƙaramin bawul ɗin ɓangaren, ya zaro wani guntun roba da ya maƙale a ciki, bai kai ƙwayar wake ba, ya wanke bawul ɗin da fetur ya mayar. Kafin la'asar ruwan ya kama hanyar kwata. Na zauna a kan taya cike da farin ciki.

Tun daga nan, in abu ya karkace, ko inji ko ɗa, nakan juya kayan in gani kafin in ɗaga murya. Da yammacin ranar nan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bango yana tsaye. Inna ta hura murhu a bakin ɗakin, ta miƙo mini masara, na ci ina yi wa Kaka addu'a.