Gangar da Baba Mshelia Bai Ji Ba

Har gobe ban manta da makon da kwamfutar ofishin nan ta ƙi karɓar waƙoƙin Baba Mshelia ba. Ku da kuka zo aiki daga baya ba ku san baƙin cikin da na sha ba, to ku ji.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, tsakiyar bazara, ina sabuwar mai buga takardu a ofishin gundumar ekklisiyarmu a nan Yerwa. Wani ɗan cocinmu da ke ƙasar waje ya aiko mana da kwamfuta mai firogiram na rubuta kiɗa. Ana haɗa kibod ɗin coci da ita da wata waya da ake kira MIDI. Duk abin da makaɗi ya danna sai ya fito a allo, ɗigo-ɗigo a kan layuka biyar, ni kuma in sa kalmomi a ƙasa in buga a takarda. An ɗora mini aikin ne don ni kaɗai na daure na karanta littafin da ya zo da ita, ba don na san kiɗa ba.

Baba Mshelia tsohon mai bishara ne daga wajen Biu. Shi ya tsara yawancin waƙoƙin da muke rerawa da yaren Bura, kuma babu ko ɗaya da aka taɓa rubuta karinta. Likita ya ce za a yi masa aiki a maƙogwaro a Jos, ya kuma gaya masa a fili cewa da wuya muryar ta dawo. Ran Juma'a motarsu za ta tashi. Kaset ba zai yi ba, don muryar ta riga ta dushe, sai yana zaune yana gyara wa makaɗi. Saboda haka Sakataren gundumar ya tsara aikin haka: Baba ya rera, Malam Ishaku mai kaɗa mana kibod ran Lahadi ya bi shi har Baba ya ce ya yi, sannan ni in danna wurin ɗauka.

Ran Litinin ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Na hau acaɓa na je na ɗauko Modu, mai gyaran rediyo da kwamfuta a bakin Kasuwar Kwastam. Ya leƙa bayan kibod, ya zare kawunan wayar ya musanya su.

"Ya Ladi, bakin wannan a kunnen wancan ake sa shi. Kin haɗa baki da baki, wa zai saurari wa?"

Na danna, ɗigo ya fito. Malam Ishaku ya hau do-re-mi ya sauko, komai tsaf. Na ce shi ke nan.

Ran Talata aka kawo Baba daga Maisandari, gidan ɗansa. Ya rera, Ishaku ya koya, na danna ɗauka. Kafin a gama baiti ɗaya allon ya yi baƙi ƙirin, kamar tururuwa sun sami sukari. Na goge, muka sake, haka. Na kashe kwamfuta na kunna, haka. Baba ya fita inuwar dogon yaro ya huta, na ce Ishaku ya gwada do-re-mi, ya fito fes. Baba ya dawo aka ɗauki waƙa, tururuwa suka dawo.

Ran Laraba Modu ya zo da sabuwar waya. Bai yi ba. Ya ce janareto ne, muka jira aka kawo wuta. Bai yi ba. Ya share gumi ya ce, "Zafi ne. Kayan Turai ne, ba su san Yerwa ba."

"Zafin ne yake jiran Baba ya shigo kafin ya kama ta?"

Ya ce wannan kuma sai malamai, ya tattara kayansa. Matan da ke share coci sun riga sun fara raɗa a bakin taga, wai abin ba na banza ba ne. Baba ya ji su. Ya jawo sandarsa ya ce, "'Yata, in abin nan ba ya son waƙar Bura, a ƙyale shi. Allah ya ji waƙoƙin, ya isa."

Na ce, "Baba, abin nan ko Turanci ba ya ji. Don Allah ku zauna." Sakatare ya harare ni. Ban damu ba, raina ya riga ya ɓaci.

Ran Alhamis da safe na gaji da kallon allo, sai na koma kallon Ishaku. Kafin ya fara, ƙaramin yatsansa na hagu ya taɓa wani maɓalli a kusurwa. Idonsa kuma ba ya kan Baba, ba ya kan yatsunsa, yana kan wata 'yar fitila ja da take ƙyaftawa.

"Malam Ishaku, mene ne wancan?"

"Ba komai, alamar wuta ce."

"Alamar wuta ce ba ta ƙyaftawa sai za ka kaɗa?"

Na miƙa hannu na tura wani maɓallin murya da ke can ƙasa. Ofis ya ɗauka: ganga, kuge, jita, kai ka ce gidan biki.

Ga bayanin. Irin wannan kibod yana da gangunansa a ciki, kuma Ishaku a kansu ya koyi kiɗa, ba ya iya tafiya daidai in babu su. Su Baba kuwa su ne suka yi ta faɗa kada ganga ta shiga sujada, an ce ya taɓa fita daga coci ana tsakiyar waƙa saboda ita. Sai Ishaku ya kunna gangar ya kashe muryarta, yana bin fitila. To wayar MIDI ba sauti take ɗauka ba, labarin kowane bugu take kaiwa. Gangar da mu ba ma ji, kwamfuta tana rubuta ta tare da waƙar.

"Tun Talata!" na ce. "Tun Talata kana kallona ina safa da marwa zuwa Kwastam!"

"Ladi, rufa mini asiri mana. Ni na san tana shiga waya? Baba ne ya yi mini baftisma, yaya zan buga masa ganga a fuska?"

Na kashe gangar. Sannan Baba ya ce, "Ishaku, ashe da wannan gwangwanin nake waƙa? Shi ya sa kake jana kamar akuyar da za a kai kasuwa."

Muka sake ba ganga. Ɗigon ya fito da tsabta, amma Ishaku yana tuntuɓe, nan sauri nan jinkiri. Na kunna masa ƙas-ƙas ɗin kwamfuta mai auna tafiya, Baba ya ce waƙar makoki ba ta bin agogo. Na koma littafin ina buɗawa da haushi, sai na ga firogiram ɗin yana iya karɓar awon tafiya daga fedar ƙafa. Na jawo fedar daga ƙarƙashin Ishaku na ajiye gaban Baba. Ya kalle ta, ya cire takalmi, ya taka. Inda waƙar take ja ya ja, inda take numfashi ya tsaya, Ishaku yana bin ƙafarsa. Baitin farko ya fito kamar an zana shi da hannu.

Muka yi har rana ta faɗi, muka ɗora da sassafe har direba ya fara danna hon. Baba ne ya zaɓi waɗanda za a fara da su: na makoki, na jibin Ubangiji, na girbi. Na aure da na yara ba mu kai gare su ba. Muryar kuwa ba ta dawo ba.

Abin da na koya: in na'ura ta yi daidai a hannunka ta ƙi a hannun wani, bar waya, kalli yatsunsa. In kuma akwai babba a ɗakin, ja mutumin waje ka tambaye shi, don mutanenmu gara su ɓata mako guda da su ɓata wa dattijo rai. Bara an yi auren jikar Baba, ƙungiyar mawaƙan coci ta ɗauki waƙarsa ta aure, wadda ba mu rubuta ba. Ina zaune bayansa. Daga baiti na biyu ya fara girgiza kai, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, sannan ya mayar da hannun kan sandarsa.